Jinyar mara lafiya a gida a Jos: tambayoyi da amsoshi

Mafi yawan jinyar da ake yi a garin nan a cikin gidaje ake yin ta. Mutum zai kwana goma a asibiti a sallame shi, sannan ya shafe wata shida ko shekara uku a ɗakinsa a Gangare ko Unguwar Rogo ko Bukuru, a hannun 'yarsa ko matar ɗansa, wadda babu wanda ya taɓa koya mata yadda ake juya mutumin da ba ya motsi. Ƙauna da neman lada suna nan a gidajenmu, ba a rasa su ba. Abin da ake rasawa shi ne sanin aikin, da tsari, da tausayin mai yin jinyar ita kanta. Amsoshin nan ba za su maye gurbin likitan da ya san mara lafiyarku ba.

Su wa ake nufi da masu buƙatar kulawa a gida?

Duk wanda ba zai iya yi wa kansa hidimar yau da kullum ba sai da hannun wani: wanka, cin abinci, zagayawa, shan magani, tashi daga shimfiɗa. Tsohon da ƙarfi ya ƙare masa, wanda ɓarin jikinsa ya shanye, wadda ta karye a ƙugu, yaron da aka haifa da lalurar da ba ya iya zama ko riƙe wuya, mai ciwon daji da ya yi nisa, mai taɓin hankali, da wanda haɗarin mota ya taɓa masa laka.

Za a sallamo mahaifinmu daga asibiti. Me za mu tambaya kafin mu fito?

Kada murnar komawa gida ta sa ku naɗe tabarma ku fita da ledar magani kawai. Ku karɓi takardar sallama, ku ɗauki hotonta a waya. Kowane magani a faɗa muku sunansa, aikinsa, lokacin shansa, da ranar da za a daina ko kuma na har abada ne. Idan an sa masa robar fitsari ko robar hanci ta ba da abinci, ku tambayi ranar da za a canza ta da wanda zai canza. Sannan wadda za ta yi jinyar a gida ta je da kanta wurin ma'aikaciyar jinya ta ce, "Sista, don Allah nuna min da hannunki yadda zan juya Baba, in yi a gabanki ki gani." Minti goma na irin wannan koyon ya fi dogon bayani a bakin ƙofa.

Idan shanyewar ɓarin jiki ce, ku nemi a tura ku sashen gashin ƙashi, inda ake motsa wa mara lafiya gaɓoɓi, tun kafin ku fita. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo yana da wannan sashen. Watannin farko, musamman uku zuwa shida, su ne lokacin da jiki ya fi karɓar motsa gaɓoɓi. Wanda aka bari kwance a wannan tsakanin, hannunsa da ƙafarsa sukan ƙage, daga baya miƙe su ya zama azaba.

Mu da yawa ne a gidan, kowa yana taimakawa. Me ya sa ake cewa sai an ɗora wa mutum ɗaya?

Ana cewa hannu da yawa maganin ƙazamar miya, amma a wajen ba da magani hannu da yawa haɗari ne. Na taɓa shiga wani gida inda 'yar Hajiya ta ba ta maganin hawan jini bayan sallar asuba ta tafi aiki, matar ɗanta ta kawo koko da ƙarfe takwas ta sake ba ta, don ba ta san an bayar ba. Kafin azahar jiri ya kwashe tsohuwar a hanyar banɗaki. Babu wadda ta yi sakaci a cikinsu. Kowace tana ganin ita ce ta tuna.

Maganin wannan matsala shi ne littafi, irin na 'yan makaranta, a ɗaure masa biro da zare a ajiye kusa da gadon. Duk wanda ya ba da magani ya rubuta lokaci da sunansa. A rubuta abin da aka ci da yawansa, sau nawa aka yi fitsari, yaushe aka yi bayan gida, ƙarfe nawa aka juya shi, nawa awon jini ya nuna. Da boko ko da ajami, duk ɗaya ne, muddin na gaba zai iya karantawa. Ranar komawa asibiti a tafi da shi. Likitan da aka buɗe wa shafin da ke nuna awon jini na sati uku zai gyara magani da ido buɗe. Wanda aka ce wa "da sauƙi, alhamdu lillahi" sai dai ya yi ƙiyasi.

Mutum ɗayan da ake magana ba shi zai yi duk aikin ba. Shi ne mai duba littafin kowace rana, mai riƙe lambar likita, mai sanin saura kwana nawa magani ya ƙare, kuma wanda ake kira idan an rikice. A ganina, gidan da ya yi wannan kaɗai ya riga ya gyara rabin jinyarsa ba tare da ya kashe kuɗin kirki ba.

Mahaifiyarmu ba ta iya tashi. Ta yaya za mu hana gyambon kwanciya?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci ga wanda ke kwance, domin gyambon nan yana iya farawa cikin sa'o'i kaɗan, warkewarsa kuma ta ɗauki watanni, wani ma ya ci har ƙashi ya zama ajali. Nauyin jiki ne ke danne fata a kan ƙashi, jini ya daina isa wurin, naman ya mutu daga ciki. Wuraren da ya fi kamawa su ne ƙashin gindin baya, gefen ƙugu, dunduniya, idon sawu, allon kafaɗa, ƙeya da kunne.

A juya ta duk bayan awa biyu, dare da rana: dama, baya, hagu. Na san juyin dare shi ne mai wuya, shi ya sa sai an raba kwana tsakanin mutum biyu ko uku. A sa matashi tsakanin gwiwoyinta idan tana kwance ta gefe, a sa wani a ƙarƙashin sha-raɓa yadda dunduniya za ta rataya ba ta taɓa katifa ba. Kada a ja ta a kan zanin gado. Mutum biyu su kama zanin da ke ƙarƙashinta su ɗaga. Zanin ya zama a miƙe, babu tattara, babu ɓurɓushin abinci. Idan an shimfiɗa leda don kare katifa, a rufe ta da zani mai kauri, kada fata ta kwanta a kan leda kai tsaye. Famfas ɗin manya da ya jiƙe a cire shi nan take, a wanke wurin da ruwa mai ɗumi, a tsane shi a hankali, a shafa man kaɗanya ko basilin.

Kullum wajen wanka a duba waɗancan wuraren da haske mai kyau. A fatarmu ba lallai a ga ja ba. Abin da za a gani shi ne wuri ya fi kewayensa duhu, ko yana sheƙi, ko ya yi tauri, ko ya fi sauran jiki zafi. Da an ga haka a ɗauke nauyi daga wurin gaba ɗaya, kuma kada a murza shi da sunan tausa, murzawar tana ƙara ɓata naman. Idan fata ta riga ta buɗe, a kira ma'aikacin jinya. Toka, man birki, garin kafso da ake farkewa a barbaɗa, duk na ga an sa, kuma ba su haifar da komai ba sai ruɓa. Katifar iska mai famfo tana taimakawa ga mai hali, sai dai tana buƙatar wuta, kuma ba ta ɗauke wajibcin juyawa.

Abinci ma yana cikin maganin. Fatar da ba ta samun ƙwai, wake, kifi, awara ko nono ba ta da abin da za ta gyara kanta da shi. Kunu zalla safe da yamma ba zai riƙe mai kwanciya ba.

Yana ƙwarewa idan muna ba shi abinci. Mu ci gaba?

Ku tsaya ku lura. Tari a kan kowace loma, murya ta koma kamar da ruwa a maƙogwaro, abinci ya taru a kunci ɗaya, duk alamu ne cewa haɗiya ta samu matsala, kuma abin da ya kauce hanya huhu yake tafiya. Daga nan ne zazzaɓi da ciwon huhu ke biyowa bayan kwana ɗaya ko biyu. A zaunar da shi sosai, a tokare bayansa, kai ya ɗan sunkuya gaba. Ƙaramin cokali, loma ɗaya, a jira ya haɗiye. Ga mutane da yawa abu mai ɗan kauri, kamar gwaten acca mai laushi ko dankalin turawa da aka dama, ya fi ruwa tsararo sauƙin haɗiya. Bayan ya gama ya zauna rabin awa kafin a kwantar da shi, a kuma goge masa baki da haƙora. Mai gyangyaɗi ba a ba shi komai ta baki, kuma ɗura da kofi ga wanda ke kwance rigingine ganganci ne. Ku gaya wa likita. Idan ya ce sai robar hanci, kada ku ɗauke ta a matsayin alamar an fid da rai. In ta zare, ba aikin 'yan gida ba ne mayar da ita.

Sanyin Jos fa? Za mu iya sa masa kaskon gawayi a ɗaki?

Garin nan yana kan tudun da ya haura mita 1,200, kuma a Disamba da Janairu sanyin dare yakan sauko kusa da digiri 10. Tsoho da mai kwanciya ba sa riƙe ɗumin jiki kamar mai lafiya, don haka damuwarku tana kan hanya. Amma garwashin gawayi a ɗakin da aka rufe ƙofa da taga yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Tana farawa da ciwon kai, jiri da amai, sai barci mai nauyi, daga nan wani ba ya farkawa. Mai lafiya zai iya rarrafawa ya buɗe ƙofa. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye ba zai iya ba. Idan dole sai an ɗumama ɗakin da gawayi, a yi taga tana buɗe, mutum yana zaune a wurin, a fitar da kaskon tsakar gida kafin a kwanta. Janareto ma haka: nesa da tagar mara lafiya, ba a zaure ko baranda ba.

Abin da ya fi aminci shi ne tufafi a jere, riga kan riga, da safa da hular sanyi da bargo biyu. A mayar da wanka hantsi, lokacin da rana ta fito, a rufe ƙofa, a wanke sashe ɗaya a rufe shi kafin a buɗe wani. Ruwan wanka a gwada shi da gwiwar hannu. Mai ciwon suga da wanda jikinsa ya shanye ba sa jin zafi sosai a ƙafa, sai a tarar da ƙuna daga gorar ruwan zafi ba su ce uffan ba. Kuma a riƙa miƙa ruwan sha ko ba a nema ba, don tsofaffi ba su cika jin ƙishirwa ba, balle da hunturu.

Maganin ya yi yawa kuma ya yi tsada. Za mu iya rage wasu?

Likita ne zai rage, kuma ku faɗa masa gaskiya cewa kuɗi ne matsalar. Sau da yawa akwai irinsa mai rahusa. Maganin hawan jini da na suga ba a daina su don an ji sauƙi, sauƙin ma su ne suka kawo shi. Ku yi hattara da haɗin kemis na ciwon jiki: diclofenac da ibuprofen, idan tsoho ya daɗe yana sha, suna iya cin ciki su taɓa ƙoda. Idan ana ba shi jiƙo ko wani maganin gargajiya, a sanar da likita, kada a ɓoye. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwali.

Insulin, wato maganin allurar masu ciwon suga, wanda ba a buɗe ba wurinsa firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba cikin ƙanƙara ba. Wanda aka fara amfani da shi yakan yi kusan sati huɗu a wuri mai sanyi da rana ba ta kaiwa. In babu wuta, a sa shi a roba mai murfi a jingina da randa. Duk mai jinyar mai suga ya san alamar faɗuwar suga: gumi, rawar jiki, ruɗewa, awon suga ƙasa da 70. Idan yana iya haɗiya, a dama babban cokali na sukari a ruwa a ba shi. Idan ya suma, asibiti kai tsaye, ba a zuba masa komai a baki.

Ku riƙa ajiye maganin sati biyu a gaba. Wanda ya ga dokar hana fita ta awa 24 da aka sa a Jos ta Arewa a watan Agustan 2021 ya san ranar da kemis ke rufe ba ta yin sallama.

Muna so mu ɗauki wanda zai kula da shi. Nas za mu nema?

Ya danganta da aikin. Wanka, juyawa, ciyarwa da zaman hira, mai taimako da aka koya wa aikin zai iya. Allura, ƙarin ruwa, wankin gyambo mai zurfi da canza robar fitsari aikin mai lasisi ne. Gidaje da yawa abin da ya fi dacewa da su shi ne mai taimako na kullum, da nas mai zuwa sau ɗaya ko biyu a sati ta duba fata, ta karanta littafi, ta gyara abin da ya karkace.

Farin kaya ba shaida ba ne. Nas ta gaskiya tana da lasisin hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa, ma'aikacin lafiyar al'umma yana da rajistar tasa hukumar, mai gashin ƙashi ma haka. Ku nemi gani, ba rashin kunya ba ne, kuma mai abin ba ya jin haushi. Ku nemi wanda zai tsaya masa, da lambar wani gida da ya taɓa yi wa aiki. Ranar farko ku zauna ku kalla: ya wanke hannu kafin ya taɓa mara lafiya? Ya gaishe shi? Ya ce "Baba, zan ɗaga ka yanzu" kafin ya ɗaga, ko kuwa ya cicciɓe shi kawai yana kallon waya? Idan ta hannun kamfani ne, ku tambayi rajistarsu, wa ke zuwa duba ma'aikacin, wa za a turo ranar da bai zo ba, kuma nawa ne ke isa hannunsa daga abin da kuke biya.

Ba za mu iya ɗauko yarinya daga ƙauye ta zauna da Kaka ba?

Ba na goyon bayan wannan ko kaɗan. Yarinya 'yar shekara goma sha biyu ba za ta iya ɗaga babbar mace ba tare da ta ji wa kanta da ita ciwo ba, ba za ta gane alamar faɗuwar suga ba, kuma idan abu ya ɓaci ita za a dake ta. An raba ta da makaranta, an ɗora mata nauyin da manyan gidan suka guje wa. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai kai 18 ba a matsayin yaro. Jikoki su yi wa Kaka hira, su miƙa mata ruwa, su taje mata kai, wannan alheri ne gare su da ita. Jinya kuwa ta manya ce.

Nawa ya kamata a biya mai kula?

Babu tsayayyen farashi, amma ku sa a ranku cewa mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun 2024 naira 70,000 ne, sannan ku dubi aikin da kuke nema: kwana ne ko wuni, akwai ɗagawa da wankin kashi ko babu. A rubuta yarjejeniya ko da shafi ɗaya ce: lokacin zuwa da tashi, ranar hutu, ranar biya, abinci, kuɗin mota. A saya mata safar hannu da sabulu. Kuma a bar ta a kan aikin da aka ɗauke ta. Wadda aka kawo don Inna, aka wayi gari ita ce mai wanke-wanke da kai yara makaranta, ba za a tuhume ta ba idan awa huɗu ta wuce ba a juya Inna ba.

Wadda muka samu ba addininmu ɗaya ba. Akwai matsala?

A Jos wannan tambaya ce ta gaske, kuma gara a yi ta a fili. A asibitocin garin nan Musulmi da Kirista suna jinyar juna kowace rana, a gida ma yana yiwuwa lafiya lau. Abin da ake bukata shi ne bayani tun farko: lokutan sallah, yadda ake tsarki, abin da ba a shigowa da shi gidan, da ranar ibadarta ita ma, a ba ta ita ba tare da ƙorafi ba. A yi la'akari da unguwar da take fitowa, a sallame ta da wuri ta isa gida kafin duhu, kuma ranar da gari ya ɗauki zafi kada a matsa mata sai ta zo. Abin da ya fi damun tsofaffi da yawa ma shi ne jinsi: dattijo ba ya so mace ta yi masa wanka, dattijuwa ba ta so namiji. A tambaye su, a mutunta amsarsu. Nan ne 'ya'ya maza ya kamata su tashi tsaye. Wankan mahaifi aikin ɗansa ne kafin ya zama na kowa.

Ta yaya za mu gane ana wulaƙanta shi idan ba ma nan?

Ƙurji ko shatin yatsu a damtse, warin fitsari da ya kwana, rama ba dalili, barcin da ya wuce kima kamar an ba shi abin sa barci, ko ya yi tsit ya sunkuyar da kai da zarar wani mutum ya shigo. Ku riƙa zuwa ba sanarwa, a lokuta daban-daban. Ku zauna da shi ku biyu ku tambaye shi a hankali. Ku duba kuɗinsa ma: katin banki, fansho, takardun gida. Abu mai ɗaci shi ne, mai cutarwar ba kullum baƙo ba ne, wani lokaci ɗan gida ne, kuma kunyar tona asirin dangi takan sa a yi shiru har abin ya yi muni. Idan kun tabbatar, ku raba shi da mutumin a ranar, ku kai shi a duba lafiyarsa, sannan ku kai maganar inda ta dace, ko mai unguwa ko 'yan sanda.

Kakarmu ta rikice, tana zagi tana fita da dare. Mu kulle ta?

Ku fara da bambance abu biyu. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu sau da yawa ciwo ne a jiki: ciwon mafitsara, ciwon huhu, ƙarancin ruwa, suga, ko wani magani. Wannan na asibiti ne yau, kuma yakan warware. Wadda ta taho a hankali cikin watanni da shekaru, mantuwa tana ƙaruwa, ita ce gigin tsufa, cuta ce ta ƙwaƙwalwa. Ba maita ba ce, kuma ba da gangan take yi ba.

Ɗaurewa da kulle mutum shi kaɗai a ɗaki suna ƙara firgita shi, suna jawo rauni. A sa sakata a saman ƙofar waje inda hannunta ba ya kaiwa, a bar fitila a hanyar banɗaki, a kawar da ashana, wuƙa da magunguna, a rufe rijiya. A ɗinka lambar waya a cikin mayafinta, a gaya wa maƙwabta da masu shagon layi. Idan ta ce za ta tafi gidan mahaifinta da ya rasu shekara arba'in, gardama ba ta da amfani. "To Goggo, bari mu sha shayi tukuna, ba ni labarin gidan" yakan kwantar da ita fiye da "ai ya mutu", wadda za ta ji kamar yau aka yi mata rasuwar. A kai ta sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa a duba ta. Zuwa can ba abin kunya ba ne.

Wace alama ce ba a jira da ita sai safiya?

Baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe. Numfashi sama-sama ko ciwon ƙirji. Suma ko farfaɗiya. Zazzaɓi mai zafi tare da ruɗewa. Amai ko bayan gida da jini, ko baƙi ƙirin. Fitsari ya tsaya wuni guda. Faɗuwar da ya kasa taka ƙafa bayanta, ko ya bugu a kai. Samun abin hawa da tsakar dare a unguwanninmu wuya ne, don haka ku yi magana da maƙwabci mai mota tun yau, ku rubuta lambarsa a bangon littafin. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce.

Ni ce mai jinyar, kuma na gaji har ina jin haushinsa. Laifi ne?

'Yar'uwa, ba ke kaɗai ba ce, kuma gajiya ba rashin imani ba ce. Wadda ta yi wata huɗu ba ta yi barcin awa biyar a jere ba, dole ranta ya ƙuntata. Haɗarin shi ne a bar ki a haka har hannunki ya fara nauyi a kansa, ko ke ma ki kwanta. Ki tara 'yan'uwa ki faɗa musu abin da kike so dalla-dalla: wane ya karɓi daren Juma'a da Asabar, wance ta zo ranar Laraba ki fita, wanda ke Abuja ko Legas ya ɗauki kuɗin famfas da na nas. Masu cewa "Allah ya ba da lada" sannan su yi tafiyarsu, a amsa musu da amin, a kuma ba su ranar da za su karɓi jinya. Ki kula da bayanki: ki durƙusa da gwiwa wajen ɗagawa, ki matso da shi jikinki, kada ki ɗaga babban mutum ke kaɗai. Idan kuka da rashin barci da rashin son komai sun zauna miki sati biyu ko fiye, ke ma ki ga likita.

Yaya sallarsa da azuminsa?

Addini ya sauƙaƙa: sallah a zaune ko a kwance, taimama idan ruwa zai cutar, ciyarwa ga wanda ba zai iya azumi ba kuma ba a sa ran zai iya ramawa. Ku tambayi malaminku dalla-dalla, ku tambayi likita kafin mai suga ko mai ciwon ƙoda ya ɗauki azumi. Ku juya gadon yadda fuskantar alƙibla za ta yi masa sauƙi, ku riƙa gaya masa lokaci ya yi.

Akwai wani taimako daga gwamnati ko unguwa?

A takarda akwai. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta tanadi asusu na musamman don masu rauni. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci an sa mata hannu a Janairun 2019, kuma akwai cibiyar kula da dattawa ta ƙasa a Abuja. A jihar Filato hukumar inshorar lafiya ita ce PLASCHEMA. Ku je ofishinsu ko asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarku da lambar NIN ta mara lafiyar ku tambayi yadda ake shiga. Inshora za ta iya rage kuɗin ganin likita da wasu magunguna, amma kada ku sa ran za ta biya mai zama da shi a gida. Manyan asibitoci kuma suna da ma'aikatan walwalar jama'a da ake kai wa kuka idan kuɗin jinya ya gagara.

Abin da ya fi kusa da hannu yana cikin unguwa. 'Yan agajin ƙungiyoyin addini, matan Islamiyya da zumuntar mata a coci sun saba ziyarar asibiti. A roƙe su su sa gidajen masu doguwar jinya a cikin zagayensu, har wata ta zauna awa uku mai jinya ta samu ta runtsa. Sannan akwai keken guragu, sandar dogarawa, kujerar bayan gida da katifar iska da ke jibge a ɗakunan ajiya bayan masu su sun warke ko sun rasu. Kwamitin masallaci ko na coci zai iya tattara su, a wanke a gyara, a rubuta sunan mai aro da ranar da ya karɓa, in ya gama ya dawo da su a ba na gaba.